Katun ɗin da Ba na Yara Ba

Akwai wata Alhamis da ba ta taɓa fita daga raina ba har yau. Ku da kuke tura wa mutane finafinai a waya yanzu, ku kwashi tuli ku juye wa mutum ba tare da kun buɗe ko ɗaya ba, ku nake so ku ji labarin nan. Na gaji da yi muku faɗa kuna cewa Anti Rifkatu ta cika tsoro. Ba da tsoron nan aka haife ni ba, a bakin aiki na same shi.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin da faifan CD ya gama korar kaset daga kasuwa. Ina aiki a shagon hayar finafinai na Oga Obinna. Babban shagon yana Sabon Gari, shi yake zama a can da kansa, ni kuma ya ba ni reshen Samaru saboda ɗalibai, wai bakina ya fi nasu kaifi. Oga Ibo ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Zazzagancinsa ya fi nawa fita. Mutum ne mai fara'a da son mutane, sai dai in ka lura ba ya zama ya ba ƙofa baya. A wani tashin hankali da aka yi a shekarun baya an ƙone shagon mahaifinsa, yana tsaye yana gani. Bai cika maganar ba, mu ma ba ma tambayarsa.

Bari in bayyana muku yadda aikin yake, don ku da kuka taso da waya ba ku san shi ba. Kaya suna zuwa daga Legas a kwali, a sauke su a babban shago. A can ake gwaji. Gwajin kuwa ba kallo ba ne: a sa faifai a na'ura, a ga hoto ya fito, a tsallaka tsakiya, a leƙa ƙarshe, a cire. Kuma ba a buɗe murya, domin lasifikar shago kullum tana bakin ƙofa tana zuba waƙa don jawo masu wucewa. In faifai ya wuce gwaji sai a manna masa tambari, ɗaya a kan kwalinsa, ɗaya a jikin faifan kansa, don kada mai haya ya musanya mana da lalatacce. Tambarin nan takarda ce 'yar ƙarama mai ɗauke da sunan shago, da sunan Oga, da sunan layin da shagon yake. Oga yana ji da tambarin nan, shi ya zaɓi launinsa da kansa.

Daga nan sai rabo: na Hausa gefe, na Indiya gefe, na Caina masu faɗa gefe, na kudu gefe. Katun kuma, kowane iri ne, kanta ta ƙasa ake jera shi, inda hannun yaro zai kai. A duk kasuwar babu wanda ya taɓa tunanin akwai zanen da ba na yara ba. In dai zane ne, to na yara ne, magana ta ƙare.

Ranar Laraba da hantsi Malam Shitu ya shigo shagona. Shi ne shugaban wata makarantar firamare mai haɗe da Islamiyya a Dogarawa, kuma ba wanda bai san shi ba a yankin. Shi ne ya taɓa tara iyaye suka sa aka rufe wani gidan kallo da ke kusa da makarantarsa. In ya yi magana bayan sallah, matasa ba sa jira ya maimaita. Ya ce gobe za su yi walimar rufe zango, iyaye za su zo, ya kuma yi wa yara alkawarin katun. Ya durƙusa gaban kanta ta ƙasa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Mai bindiga ya ture. Mai dodo ya ture. Wanda aka zana mace da guntun siket ya yi tsaki ya kife shi. Can ya ɗago wani sabo daga cikin kayan Japan da suka zo a makon. A kwalin an zana mutum biyu ƙarƙashin lema ana ruwa, ɗaya dogo da kwat, ɗaya siriri mai dogon gashi da manyan idanu, an naɗe masa wuya da mayafi.

"Yauwa," in ji Malam. "Wannan da alama akwai tarbiyya. Dubi yadda ta rufe jikinta."

Na ce, "Sosai kuwa, Malam." Na sa masa a leda, ya tafi. Kwafi biyu aka kawo mini na faifan, ɗayan ya rage a kanta.

Washegari wajen sha ɗaya Asma'u ta shigo. Ɗaliba ce a jami'a, doguwar yarinya mai tabarau, ba ta da hayaniya, kullum ita ce mai tambayar ko an kawo sabon abu daga Japan. Na nuna mata kanta ta ƙasa. Ta sunkuya, ta ɗauko ɗan'uwan wanda Malam ya tafi da shi, sai na ga ta tsaya cik. Ta waiga ƙofa, ta matso kusa da ni.

"Anti, wa ya ajiye wannan a wajen yara?"

"A ina za a ajiye katun? A wajen tsofaffi?"

"Anti, ba wasa nake ba. Wannan ba na yara ba ne. Su biyun nan duka maza ne."

Na yi dariya har da buga tebur. Na ce ta cire tabarau ta goge, wannan gashin da idanun na namiji ne? Ba ta yi dariya ba. Cikin raɗa ta yi mini bayani. Ta ce a Japan akwai littattafan zane da ake kira manga, ana yi wa yara nasu, ana yi wa manya nasu. Daga ciki akwai wani reshe da suke ce wa boys' love, labaran soyayya ne tsakanin namiji da namiji, kuma yawanci mata ne suke rubutawa, mata ne suke karantawa. Wanda ya karɓu sai a mai da shi katun, wani kuma a yi shi wasan murya kawai, kamar na rediyo, a sa a faifai. Ta ce wannan ɗin ta san littafinsa, ta ma saurari na muryar. Labarin wani ma'aikacin ofis ne da wani mai shagon shayi.

Ban yarda ba sai da na gani. Na kashe lasifikar waje, na janyo ƙofa rabi, na sa faifan, na buɗe murya, abin da ba a taɓa yi wa katun ba a shagon nan. Mai dogon gashin ya buɗe baki, sai ga muryar namiji. Asma'u ta karɓi rimot ta tsallaka gaba. Aka nuno su a kan wata gada, dogon ya riƙo hannun siririn, ya jawo shi, ya sumbace shi. Iyakar abin da na gani ke nan, na fizge wayar wuta daga bango.

Ban tsaya tunanin Japan ko al'adarsu ba. Tambarin kawai nake gani a idona: sunan shago, sunan Oga, sunan layi. Na ga yara zaune a tabarma, iyaye a benci, Malam Shitu a tsaye, ga wannan hoton a talabijin. Na san yadda maganar za ta fita daga makarantar. Ba za a ce an yi kuskure a gwaji ba. Za a ce wani Ibo a Sabon Gari yana raba wa 'ya'yan Musulmi fim ɗin lalata da gangan, ga sunansa, ga layinsa. Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa, kuma na san abin da ke biyo bayan irin wannan magana a garin nan. Na zauna a kan kwali.

"Anti, lafiya?"

"Ɗan'uwansa yana Dogarawa. Yau za a nuna wa yara bayan azahar."

Ta dafe baki. Sai kuma ta kama hannuna. "Don Allah, Anti, ko me zai faru kada ki ambaci sunana. In aka ji a gida na san irin wannan, karatuna ya ƙare."

Na yi mata alkawari. Na kuma ce ta ara mini gyalenta, tunda da hijabi a jakarta, domin ni da ɗan kwali kawai na fito, kuma ba zan shiga makarantar Malam haka ba.

Lokacin ba ni da waya. Na kulle shago na ruga wajen mai lemar buga waya da ke bakin titi na kira Oga. Na juya wa mai wayar baya, na faɗa masa a gajarce.

"Tambari yana jiki?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Yana jiki, Oga. Duka biyun."

"Zan je da kaina."

"Kada ka je. In suka gan ka a ƙofar makarantar za a tambayi me ya kawo ka. Ni mace ce, zan ce faifan ya lalace na zo canzawa."

Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Rifkatu, zan tura Madam da yara wajen 'yar'uwarta a bariki. Ki yi sauri, don Allah."

Na ɗebi katun biyu na dabbobi waɗanda na tabbata da su, na tare ɗan acaba. Daga Samaru zuwa Dogarawa ba wata tafiya ba ce, amma ranar sai na ga titin yana ƙara tsawo. A Kwangila muka tarar da cunkoso, wata tirela ta tokare hanya. Muna tsaye aka kira sallar azahar. Duk wanda na gani yana sauri sai in ce ya ji labari. Wasu samari suka taso a guje daga wani lungu, na riƙe rigar ɗan acaban har ya juyo ya ce, "Hajiya, lafiya? Ƙwallo suke bi." Addu'a nake yi, amma ban san me nake faɗa ba.

Tun daga bakin layin makarantar na ji ƙarar janareta. Da na matso sai na ji yara sun kwashe da dariya gaba ɗaya. Na ce shi ke nan, an sa. Na sallami ɗan acaba, na gyara gyale, na shiga. An kafa rumfa a tsakar makarantar, mata gefe, maza gefe, yara a gaba, talabijin a kan tebur. Na tilasta wa kaina na duba. Bidiyon wasannin makarantar na bara ake nunawa, wani yaro ya faɗi a tseren buhu. Na saki numfashi, amma ba duka ba, don ban sani ba ko katun ne zai biyo baya.

Ban kai ga tambayar kowa ba na ji an ce, "Malama." Malam Shitu ne a ƙofar ofishinsa. Bai yi mamakin ganina ba, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Ya yi mini nuni da hannu. Na shiga, ya bar ƙofa a buɗe, ya zauna bayan teburinsa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara karanto ƙaryar da na shirya a hanya.

"Malam, faifan jiya ne, ashe yana da matsala, shi ne na kawo…"

"Ba shi da matsala," in ji shi. "Tas yake nunawa. Na kalle shi jiya bayan la'asar, daga farko har ƙarshe."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da baƙar leda, ya ajiye a tsakaninmu.

"Ba na nuna wa yaran mutane abin da ban kalla ba. Ko na dabbobi ne. Ni kaɗai na kalla, na rufe ƙofa." Ya dube ni. "Maigidanki ya san abin da ke ciki?"

"Wallahi bai sani ba, Malam. Ba a kallon katun a wajenmu, hoto kawai ake dubawa. Ni ma yau na sani."

"Ta yaya kika sani yau?"

"Wata mai zuwa haya ce ta gaya mini."

"Wace ce?"

Nan ne na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Gyalen yarinyar yana kaina, ƙamshin turarenta yana hancina. In na ƙi faɗa, zai iya cewa muna ɓoye wani abu, ga rumfa cike da mutane taku kaɗan daga inda nake. In na faɗa, na kashe mata rayuwa. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Taimakonmu ta yi."

Ya daɗe yana kallona. Ina jin janareta yana ta ƙara a waje. Sannan ya ce, "Bar shi. Ban tambaya ba."

Sai ga wani matashin malami ya leƙo. "Malam, bidiyon ya kusa ƙarewa. Yara suna ta tambayar katun ɗin da ka yi musu alkawari."

"Na duba shi, ba na yara ba ne."

"Me ke ciki, Malam?" Idonsa yana kan ledar.

"Labarin manya ne. Ga wasu an kawo." Ya miƙo mini hannu, na ba shi na dabbobin. Bai ba matashin ba, ya ajiye su a gefe. "Waɗannan ma sai na kalla. A maimaita musu tseren buhu."

Da matashin ya tafi, Malam ya yi magana a hankali, ba ya kallona.

"Jiya raina ya ɓaci, ban ɓoye miki ba. Abin da na gani ba na yarda da shi, kuma ba zan taɓa yarda ba. Har na ɗauki hula zan tafi masallaci da faifan a hannu. A bakin ƙofa na juya shi, na ga takardar nan, na karanta sunan mutum da layinsa. Na san layin, akwai mai gyaran agogo a kusurwa, akwai masu sayar da katifa. Sai na tambayi kaina, in na ɗaga wannan a gaban jama'a, faifan za a ƙona? Na san ba shi za a ƙona ba. Na ga abin da magana ɗaya take yi a garin nan, na wanke gawar ɗalibina da hannuna. Sai na mai da hular na zauna."

Ya ɗauko reza daga cikin gwangwanin alli. Ya fito da kwalin, ya sa bakin rezar a ƙarƙashin tambarin, ya ɗaga shi sannu a hankali har ya fita bai yage ba. Ya yi wa na jikin faifan haka. Sannan ya kama faifan da hannu biyu ya karya, ya yayyaga kwalin, ya zuba su a ledar ya ƙulle. Takardun biyu kuma ya miƙo mini.

"Wannan nawa ne, ni zan zubar. Wannan na maigidanki ne. Ki ce masa ya daina manna sunansa a kan abin da bai kalla ba. Ko matata ba ta san maganar nan ba, kuma ba za ta sani ba."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na yi godiya har ya ce ya isa, in tashi kada mutane su yi tambaya.

Daga can Sabon Gari na wuce. Rana tsaka na tarar da babban shago a kulle, lasifika a kashe, maƙwabta suna tambayar ko rasuwa aka yi. Na zaga ta baya na ƙwanƙwasa, na faɗi sunana. Oga yana zaune a cikin duhu a kan benci, da 'yar jaka a kan cinyarsa, ya sa takalmi ya ɗaure. Na buɗe tafin hannunsa na sa masa takardun. Ya kai su wajen hasken ƙofa, ya karanta sunansa kamar bai taɓa ganinsa ba. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na juya baya na ba shi wuri, don ba kyau ma'aikaci ya ga kukan maigidansa.

Daga ranar dokar shago ta canza. Ba a manna tambari sai an kalli faifai daga farko har ƙarshe, da murya a buɗe, kuma da katun ake farawa. Ni aka ɗora wa aikin, na yi makonni ina kallon zane har na fara mafarkinsa. A cikin kayan Japan ɗin na sami wasu masu kyau na yara, na sami na yaƙi masu jini da ko babba sai ya kau da kai, na kuma sami wani irin na farkon. Duk a kanta ɗaya suke da, ta ƙasa.

Asma'u ta zo karɓar gyalenta bayan kwana biyu, tana tafe tana waige. Na ce ta kwantar da hankalinta, sunanta bai fita ba. Na kasa haƙuri na tambaye ta me take samu a irin labaran nan. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Anti, a cikinsu ba a ce wa kowa ke mace ce, yi shiru." Ban gane ba sosai, ban kuma ce na yarda ba, amma ban ƙara tambaya ba. Da a ce ta ga faifan ta yi shiru don tsoron asirinta, da wani labarin nake ba ku yau.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan duk abin da ya fita daga hannunka da sunanka yake tafiya, kuma ba ka san ɗakin da zai shiga ba. Kwali ba ya gaya maka abin da ke ciki, zane kuma ba shi ne yara ba. Mutane ma na daina yanke musu hukunci daga nesa. Mutumin da na fi tsoro a duk Zariya, shi kaɗai ne a cikinmu ya zauna ya kalli faifan har ƙarshe, shi ne kuma ya karanta sunan da ke jiki ya tuna mutum ne.

Shekaru bayan haka Oga ya tsufa, ya sayar mini da reshen Samaru, ya ce zai koma garin iyayensa ya huta. Na raka shi tasha. Mota tana shirin tashi ya buɗe walat ɗinsa zai ba ni hoton jikarsa, sai na hango takardar nan a bayan katinsa, ta yi ja, gefenta da alamar reza. Na ce, "Oga, har yanzu? Ina ɗayar?"

Ya ce, "Ɗayar na kai wa Malam tun a makon da abin ya faru. Na ce ya riƙe, tunda shi ya tsare sunan nan, shi ma nasa ne yanzu. Ya ce ba ya buƙata, amma ya sa a aljihu."